Kalatiya a Garin Hunturu: Yadda Za Mu Riƙe Baƙuwar Shuka Ta Rayu

Jawabin kwamitin lambu a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

Masu sabulu sun yi nasu bayanin, masu ɗinki da masu man gyaɗa ma sun yi. Mu 'yan kwamitin lambu da aka ce mu fito, sai muka yi shawarar mu tsaya a kan shuka guda ɗaya, wadda ta fi kowace kawo mana kuɗi, kuma ta fi kowace jawo mana magana. Ita ce wadda masu saye ke nunawa da yatsa su ce, "Waccan mai zanen nake so." Sunanta a wurin 'yan fulawa kalatiya. Ga ta nan a kan tebur, ku dube ta da kyau: saman ganyen kamar an zauna an yi masa zanen lalle, bayansa kuwa kamar an tsoma shi a zoɓo.

Kuɗin da muke saro ta da shi na adashinmu ne da rancen asusun ƙungiya. Daga kudu ake kawo mana ita a mota, kuma tukunya ɗaya tana cin kuɗin tukwane da yawa na sauran shuke-shuke. In ta mutu a hannunmu, jari ya tafi. In kuwa ta mutu a falon mai saye bayan sati uku, abin ya fi muni, don ba za ta ce iska ce ta kashe ta ba. Cewa za ta yi matan ƙungiya sun sayar mata da marar lafiya, kuma kun san ba a cikinta za ta bar maganar ba, sai an ji ta a gidan biki. Shi ya sa muke so kowace mamba ta san sirrin wannan shuka, ko mai sayarwa ce ko mai ajiyewa a ɗakinta.

Daga ina ta fito

Asalinta dazuzzukan Kudancin Amurka ne, musamman ƙasar Birazil. A can ƙarƙashin manyan itatuwa take fitowa, inda rana ba ta sauka sai ɗigo-ɗigo ta tsakanin rassa, ƙasa kullum da laima amma ruwa ba ya kwanciya, iska kuwa a jiƙe take dare da rana. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai nufin kwando. A shekarar 2012 masana tsirrai suka sake tsara danginta, suka mayar da yawancin ire-irenta ƙarƙashin sunan Goeppertia. Saboda haka in kun ga wannan suna a jikin takardar tukunya, kada ku ce an canza muku kaya, ita ce dai.

Kuma ba baƙuwa ba ce fil a wurinmu. Ganyen fita da ake naɗe goro da shi a huhu, da faffaɗan ganyen da mutanen kudu ke ƙulla alale a ciki, duk dangi ɗaya suke da ita. Ku tuna yadda ɗan goro yake yi da huhunsa: ya yayyafa ruwa, ya rufe, ya kai inuwa, ba ya yarda iska ta buge shi. To wanda ya gane wannan ya gane rabin karatun kalatiya.

Tana da wata ɗabi'a da yara ke so. A gindin kowane ganye akwai 'yar gaɓa mai ɗan kauri. Ruwa ne ke shiga yana fita a cikin gaɓar, sai ganyen ya miƙe tsaye da daddare, gari na wayewa ya sake kwantawa ya buɗe wa haske fuska. Muddin tana wannan motsi, lafiyarta ƙalau. Ran da ta daina, ku bincika, ruwa ba ya tsami banza.

Ƙishirwa iri biyu

Ga gundarin maganarmu, iyayenmu, ku ba mu kunne a nan. Wannan shuka ƙishirwa biyu take ji. Akwai ta saiwa, wadda ake kashewa da zuba ruwa a tukunya. Akwai ta ganye, wadda ba abin da ke kashe ta sai danshin iska. A garinmu ta biyun ce ke kisa.

Kalatiya tana son danshin iska ya kai kashi 50 zuwa 60 cikin 100, ko fiye. A watan Agusta Kano tana ba ta wannan har da gyara. Amma da tsakar rana a Janairu da Fabrairu, danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Ba sai an kawo muku ma'auni ba, leɓunanku da dugaduganku sun shaida. Iskar da ke sa mana kaushi da faso, ke busar da shanya kafin a gama wanki na biyu, ita ce ke bi ta kan wannan ganye marar kauri.

A bayan ganyen akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan shuka ke numfashi, ta nan kuma ruwa ke fita. In iska ta bushe, sai ta riƙa zuƙe ruwan da sauri fiye da yadda saiwa ke iya turowa. Bakin ganye shi ya fi nisa da saiwa, shi ke fara ƙonewa, ya yi ruwan ƙasa, ya yi ƙaras-ƙaras. Mai ita ta gani, ta ce wayyo ƙishirwa take ji, ta kwarara mata ruwa safe da yamma. Ƙasa ta cika ta yi caɓi, saiwa ta rasa iska ta fara ruɓewa. Ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta shan ruwa. Ganye ya ƙara yaushi, a ƙara ruwa. Haka za ta mutu da ƙishirwa tana tsaye cikin ruwa. Yawancin tukwanen da ake dawo mana da su, in muka zazzage, wannan muke tararwa: saiwa baƙa, mai wari.

Saboda haka in kun ga bakin ganye ya ƙone, kafin ku ɗauki buta, ku fara tsoma yatsa a ƙasar. In da laima, ku ajiye butar, iskar ɗakin za ku gyara.

Yadda muke jiƙa mata iska

Na farko, kada a bar ta ita kaɗai. Kowace shuka tana fitar da ɗan tururin ruwa ta ganyenta. In aka haɗa biyar ko shida wuri ɗaya, sai su yi wa junansu ɗan daji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, har a wurin shuka.

Na biyu, a zaɓa mata mazauni. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka a nisanta ta da ƙofa ko tagar da ke fuskantar can. Kada a ajiye ta a ƙarƙashin fanka. Iyakwandishan kuwa ya fi hunturun ma sharri, don aikinsa ke nan ya tsotse ruwan da ke cikin iska, kuma shi ba ruwansa da damina ko rani. Banɗaki mai taga da haske wuri ne mai kyau a gare ta, in dai mai gida bai ce an mayar masa da banɗaki gona ba.

Na uku, tukunya cikin tukunya. Da yawanmu mun san dabarar marigayi Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa, wanda ya yaɗa firjin talaka: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, tumatir da tattasai su yi kwanaki ba su lalace ba. Har lambar yabo ta Rolex ya samu a kanta a shekarar 2000. To irinta muke yi. Shukar tana cikin tukunyar roba mai huji, sai mu saka ta a babbar tukunyar ƙasa, mu ɗora ta a kan 'yan duwatsu don hujin kada ya toshe, mu cika gefe da yashi, mu riƙa jiƙa yashin. Ruwan na tashi a hankali yana bi ta cikin ganye, saiwa kuma tana samun sanyi lokacin bazara.

Na huɗu, tire da tsakuwa. A zuba tsakuwa a faffaɗan tire, a zuba ruwa, a ɗora tukunya a sama yadda gindinta ba zai taɓa ruwan ba. Taimakonsa kaɗan ne, amma yana ƙarawa in an haɗa da sauran. Sai dai fa a yi hattara: kwantaccen ruwa gidan sauro ne, kuma sati ɗaya zuwa kwana 10 ya ishi ƙwan sauro ya zama mai cizo. A bar ruwan a ƙasan tsakuwa, a zubar a wanke tiren duk bayan kwana uku. Kada garin neman ado mu sayo wa yaranmu zazzaɓi.

Fesa ruwa a ganye fa? Mutane suna son yi, don yana da daɗin gani. A iskar hunturu minti kaɗan ne ya bushe, ɗakin ya koma yadda yake. In za a yi, a yi da safe, don ganyen da ya kwana a jiƙe yakan kamu da tabo. Wadda ke da hali da wutar sola, 'yar na'urar nan mai fitar da tururin ruwa ta fi duk waɗannan ƙarfi. Wadda ba ta da shi, a makonnin da hazo ya yi tsanani ta kafa 'yan sanduna a tukunyar, ta kifa farar leda mai nuna ciki, yadda ba za ta taɓa ganye ba, ta riƙa buɗewa kamar awa ɗaya kullum. Kada dai rana ta taɓa ledar, in ba haka ba dambu za ki tarar.

Sai ƙura. Hazo yana kwanciya a ganye ya tare haske. Sau ɗaya a sati a sa tsumma mai laushi da ruwa zalla a goge sama da ƙasa, hannu ɗaya na tallafe da ganyen. Ban da man gyaɗa, ban da madara, ban da man shafawa. Muna jin ana yi wai don ƙyalli. Toshe mata numfashi ake yi, ƙurar kuma ta ƙara mannewa.

Ruwa, ƙasa da haske

Kalatiya tana da tsirfa a kan ruwa. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi yana tara gishiri a tukunya. Za ku ga fari-fari a bakin tukunyar, kan ganye kuma yana ƙonewa ko da iska na da danshi. Ruwan sama ya fi mata kowane. Mu tara shi a duro da damina, mu rufe ruf saboda sauro, amma a bar na farkon da ya wanko ƙurar kwano ya zube. Ruwan da ke ɗiga daga bayan iyakwandishan ma yana yi, don ba gishiri a cikinsa. Kun ga ke nan, abin da ya ƙwace ta gaba yana biya ta baya. Na famfo a tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana, warin maganin ya fita, sai dai kwanan ba ya cire gishiri.

Ba a ba ta ruwa da lissafin kwanaki. A tsoma yatsa gaɓa ɗaya. In saman ya fara bushewa, a zuba a hankali har ya fito ta hujin ƙasa, bayan kamar minti 15 a zubar da wanda ya taru a faranti. Kada a bari ta bushe ƙayau, kada kuma ta kwana cikin ruwa. Laimar da ake so ita ce ta tsumman da aka matse.

Haɗin ƙasar da muke yi: kashi biyu na garin ɓawon kwakwa ko ruɓaɓɓen ganye da ya zama ƙasa, kashi ɗaya na ɓuntun shinkafa da aka babbaka, kashi ɗaya na yashi mai tsakuwa-tsakuwa. Laka da jar ƙasar gini suna daskarewa su shaƙe saiwa. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona ta yake yi. Takin ruwa na kanti sau ɗaya a wata ya isa, da damina kawai, kuma rabin abin da aka rubuta a kwalba.

Haske tana so mai yawa, amma ba rana ido da ido ba. Kusa da taga, bayan labule marar kauri. Ki ɗaga hannu a wurin da tsakar rana: in inuwar hannunki ta fito dishi-dishi, wurin ya yi. In ta fito raɗau, rana ta yi yawa, zanen zai koɗe ganye ya ƙone. In babu inuwar sam, duhu ya yi yawa.

In kiɗa ya canza

Shekararmu huɗu take a wurin wannan shuka. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 27. Damina ita ce sallarta: sabon ganye na fitowa a naɗe kamar tabarma, lokacin taki ke nan, lokacin canza tukunya da rabawa. Da kaka a fara rage taki, a haɗa tukwane wuri ɗaya tun iska ba ta juya ba. Da hunturu girma yakan tsaya, ba taki, ba canza tukunya, kuma da yake sanyin asuba yakan sauko ƙasa da digiri 15, kada ta kwana a baranda. Bazara, musamman Afrilu da zafi ke haura digiri 40 ga iska a bushe, ita ce jarrabawa ta biyu. A kai ta ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a sauke ta ƙasa, a duba ƙasarta kullum.

Busasshiyar iska tana da ɗan rakiya: wasu ƙwari ƙanana ƙwarai, dangin gizo-gizo, da ke zama a bayan ganye suna tsotsa. Alamarsu ɗigo-ɗigo fari ko rawaya a saman ganye, da 'yar siririyar yana a bayansa. Da an gani a ware tukunyar daga 'yan uwanta, a wanke bayan ganyen da ruwa. Sannan a haɗa ƙaramin cokali ɗaya na man darbejiya da ɗigon sabulun ruwa a lita ɗaya, a gwada a ganye guda tukuna, in bai ƙone ba bayan kwana biyu a fesa wa sauran da yamma. A maimaita duk sati har sau uku ko huɗu, don ƙwansu na ƙyanƙyashewa a baya. Wani farin ƙwaro mai kama da auduga kuma, a goge shi da auduga da sifirit.

Kuma kada a yi saurin zubar da wadda ganyenta ya ƙare. Tana da kututture a cikin ƙasa. In an tona an ga yana da tauri, ba wari, a yanke busassun ganyen, a rufa mata leda, a jira damina. Sau da yawa takan tofo.

Inda ribar take

Ba a dasa kalatiya da reshe ko ganye, rabawa ake yi. A farkon damina a zazzage babbar tukunya, a sa hannu a raba gindin gida biyu ko uku, kowane kashi da saiwarsa da ganye uku ko huɗu. A dasa a tukunya daidai jikinta, a rufa leda, a ajiye a inuwa har sabon ganye ya leƙo. Wadda muka raba a nan ba mu biya mata kuɗin mota ba, ba ta sha wahalar hanya ba. A nan ribarmu take, 'yan uwa, a uwar da muka iya tsallakar da ita hunturu.

Ire-iren ma ba ɗaya suke ba. Mai dogon siririn ganye mai lanƙwasa a baki ta fi haƙuri, ita muke ba 'yan koyo. Mai zanen dawisu tana tsakiya. Mai fari-fari a ganye kuwa sarauniyar shagwaɓa ce, sai gwanaye.

Wani abin da za mu faɗa wa iyayen yara da ƙarfin gwiwa: kalatiya ba ta cikin shuke-shuke masu guba. Amma akwai wata mai faffaɗan ganye mai ɗigon fari da ake ajiyewa kusa da ita a wurin 'yan fulawa, sunanta difenbakiya, dangin gwaza ce. Kun san ƙaiƙayin ɗanyen gwaza, to nata ya fi, in yaro ya tauna baki da harshe sukan kumbura. Mu koyi bambance su, mu kuma faɗa wa mai saye.

Kafin mu karɓi kuɗin kowa, mu tambaye ta: ina za ki ajiye ta? Wane ruwa kike da shi? In kin yi tafiya wa zai duba ta? In ta ce ofis ne mai iyakwandishan daga safe har yamma, ko ɗaki ne ba taga, mu gaya mata gaskiya, "Hajiya, wannan ba za ta zauna miki ba." Mu nuna mata moɗa, 'yar ƙasarmu, wadda Turawa suka laƙaba wa harshen suruka. Iyayenmu surukai ku yi haƙuri, ba mu muka raɗa ba. Ita ba ruwanta da hunturu, sai ta yi makonni ba ta sha ruwa ba. Cinikin ranar zai ragu, amma matar za ta dawo, kuma za ta zo da ƙawarta.

Roƙonmu ga taro

Abu uku muke nema a duba mana a zaman kwamitin zartarwa. A amince mu riƙa saro kalatiya daga Yuni zuwa Agusta kawai, don ta kama ƙasa kafin iska ta juya. A taimaka mana da durori masu murfi na tara ruwan sama, da rumfa mai raga da daɓen yashi a harabar ƙungiya, inda iyayen shuka za su yi hunturu, inda kuma masu saye za su iya kawo mana nasu riƙo a kan ɗan kuɗi kaɗan. Sannan a buga mana 'yar takardar kulawa da Hausa, wadda za ta bi kowace tukunya. Yaranmu 'yan makaranta da ke nan, ku ne za ku taya mu rubutawa da zanawa.

Wadda ke da tukunyar da ta fara ƙonewa a gida, ta kawo ta ranar taron wata, mu zazzage tare mu duba saiwar. Bayan an tashi kuma muna nan a bakin ƙofa, duk mai son ganin tukunya cikin tukunya ta zo ta taɓa yashin da hannunta.